Gradle a aikin C++: abin da na gani bayan watanni ina gina laburaren lokutan salla da shi

Mu huɗu ne masu rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani da ke Jidda, uku daga cikinmu Hausawa, kuma galibin aikinmu na kamfanonin da ke yi wa alhazai da masu umara hidima ne. Muna da manhajar waya wadda ke nuna wa alhaji masaukinsa da motar da za ta ɗauke shi da lokutan salla, muna kuma da allunan lantarki da ake ratayewa a zauren otal-otal a Makka da Madina, masu nuna saura minti nawa a kira salla. Kusan duk abin da muka rubuta da harsunan rubuta manhaja na Java da Kotlin ne, saboda haka Gradle ne maginin da muke aiki da shi tun ranar da na fara zuwa ofishin. Abu ɗaya ne kawai ya fita daban, wato ɗan laburaren (guntun shiri da wasu manhajoji ke kira ya yi musu wani aiki) da ke lissafin lokutan salla da alƙibla, wanda babban cikinmu ya rubuta da harshen C++ shekaru kafin zuwana. Bara na ɗauki nauyin mayar da ginin wannan laburare ƙarƙashin Gradle, na zauna da shi a haka tun daga bayan Hajji har zuwa watan Shawwal, kuma abin da na gani a wannan tsakani nake son in bayyana wa duk mai irin wannan niyya.

Ga wanda bai saba da harkar ba, maginin manhaja shi ne shirin da ke karɓar fayilolin da mai shiri ya rubuta, ya tantance wanne ya dogara da wanne, ya kira kwamfaila ta juya su zuwa abin da inji zai iya gudanarwa, ya ɗauko laburarorin da aka aro daga wasu, ya gudanar da gwaje-gwaje, sannan ya ƙunshe abin da ya fito. Kakansu shi ne Make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976, kuma a gidan C da Unix ya tashi. Java ta zo da nata jerin: Ant a 2000, Maven a 2004, sai Gradle na Hans Dockter wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2012, kuma a 2013 Google ta ɗauke shi ya zama maginin manhajojin Android. Kyauta ne, yana ƙarƙashin lasisin Apache, ba wanda zai nemi riyal ɗaya a hannunka. Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wannan tarihi yana da tasiri a kan duk abin da zai biyo baya.

Dalilin da ya sa laburaren namu ya kasance da C++ mai sauƙi ne. Lissafi ɗaya muke so ya gudana a wurare uku, a wayar alhaji, da kwamfutar Windows ta teburin karɓar baƙi, da ɗan allon Raspberry Pi, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ke maƙale a bayan talabijin ɗin zaure. A tsarin Ummul Ƙura da ake bi a nan, alfijir yana ketowa ne idan rana tana digiri 18.5 a ƙasan sararin da ido ke gani, isha'i kuwa minti 90 ne bayan magariba, ya koma minti 120 a Ramadan. Idan waya ta ce abu kaza allon zaure kuma ya saɓa da minti ɗaya, dattijon da ya taho daga Katsina ko Damagaram zai lura, zai kuma tambaya, kuma yana da gaskiyar tambaya. Rubutu ɗaya da ake ginawa sau uku ya fi rubutu uku da ake fatan su dace.

Matsalar ita ce hanyoyin ginin ma uku ne. Akwai tsohon Makefile, wato fayil ɗin umarnin Make, na Linux, akwai fayil ɗin aikin Visual Studio na Windows, akwai kuma Android.mk na waya, ta yadda duk wanda ya ƙara fayil guda sai ya tuna ya rubuta sunansa a wurare uku. Ni kuwa na riga na saba da umarni ɗaya ya gina mini komai. Da na kawo shawarar, mai laburaren, haifaffen Shara Mansur a Makka wanda dukanmu muke kira Ustaz, bai hana ba. Cewa kawai ya yi: "Ƙanina, gwada, ilimi ne. Amma kada ka goge Makefile ɗin nan sai ka ga allon Makka ya kunna da abin da ka gina."

Zan fara da abin da ya burge ni, domin yana da yawa kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. Gradle yana zuwa da filogin, wato ƙarin sassan da ke koya masa sabon aiki, guda uku na wannan aiki, cpp-library da cpp-application da cpp-unit-test, kuma na yi aiki ne da jerin sigogi na 8. Tsarin nasu irin na Java ne sak: ka zuba fayilolinka a src/main/cpp, fayilolin heda (masu bayyana abin da laburaren ke bayarwa) da kake son wasu su gani a src/main/public, waɗanda ka keɓe wa kanka a src/main/headers, shi ke nan. Ba ka lissafa sunayen fayiloli, ba ka gaya masa inda kwamfaila take, shi da kansa yake nemo GCC ko Clang ko Visual C++ a kan injin. A daren farko, bayan isha'i, ofis ya watse saura ni kaɗai, na kwashe fayilolin laburaren zuwa waɗannan wurare, na rubuta fayil ɗin gini da bai cika rabin fuskar kwamfuta ba, na buga umarnin, sai ga koren rubutun da ke cewa gini ya yi nasara. Na maimaita a kan Windows ba tare da na canza harafi ɗaya ba, ya sake wucewa. Duk wanda ya taɓa fama da bambancin Makefile da Visual Studio ya san girman wannan.

Bayan haka akwai abubuwan da ba a ganin amfaninsu sai an kwana biyu. Gradle yana fitar da sigar gwaji da sigar saki kowacce a wurinta ba tare da an roƙe shi ba, yana kuma iya fitar da laburaren da ake narkarwa cikin manhaja da wanda ake lodawa lokacin gudanarwa. Yana bin layukan da fayil ke kiran heda da su, saboda haka idan ka taɓa heda ɗaya, fayilolin da suka dogara da ita kaɗai zai sake juyawa, abin da a Makefile sai mutum ya tsara da hannu kuma sau da yawa a nan ake kuskure. Rumbun ajiyar gininsa yana aiki a kan C++ kamar yadda yake aiki a kan Java, ta yadda idan ka koma tsohon reshen aiki da ka taɓa ginawa, sai ya ɗauko abin da ya adana maimakon ya sake wahala. Idan kuma kana da laburare biyu naka, ɗaya ya dogara da ɗaya, layi guda ya isa ya haɗa su, hanyar heda da haɗin ƙarshe duk shi zai lura da su. Ga kuma harshen rubuta umarnin: tun sigar 5.0 ta 2018 ana rubuta shi da Kotlin, cikakken harshe ne da edita ke ganewa ta kuma nuna maka kuskure tun kafin ka gudanar. A wannan fanni ina ganin ya fi CMake, tsarin ginin da mutanen C++ suka fi amfani da shi, daɗin rubutu nesa ba kusa ba, kuma har yau ra'ayina bai canza ba.

Wata biyu na yi ina ganin aiki ya kammala. Cikas na farko ya zo ne lokacin da muka so allunan su riƙa adana jerin garuruwa da gyaran mintunan kowane otal a cikin SQLite, wani laburaren adana bayanai da aka rubuta da harshen C. Hanyar da aka saba ita ce a ɗauko fayil ɗinsa guda, sqlite3.c, mai layi fiye da 200,000, a jefa shi cikin aikin a gina tare. Na jefa, na buga umarni, juyawa ta wuce lafiya, amma da aka zo haɗawa, wato matakin da ake harhaɗa guntayen da aka juya su zama abu ɗaya, sai kurakurai suka cika fuskar kwamfuta, kowanne yana cewa ba a samu sqlite3_open da 'yan'uwansa ba. Sai da na koma takardun bayani na fahimci cewa filogin ɗin na C++ ne zalla, fayilolin da sunansu ya ƙare da cpp ko cc yake dubawa, na C kuwa wuce su yake yi. Laifina ne da ban karanta da kyau tun farko ba. Na gwada canza wa fayil ɗin suna, amma C++ ta fi C tsanani a kan sauya nau'in manuni, don haka kwamfaila ta ƙi shi. Mafitar ita ce na ware masa ƙaramin aiki nasa, na umarci matakin juyawa ya karɓi fayilolin C, na kuma ƙara tutar da ke gaya wa kwamfaila ta ɗauke su a matsayin C, wadda a GCC da Clang daban take da ta Visual C++. Ya yi aiki. Amma daga ranar fayil ɗin ginin ya fara tara sharuɗɗan "idan Windows ne yi kaza, idan Linux ne yi kaza", wato ainihin abin da na gudo daga gare shi.

Wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da batun laburarorin aro, kuma a nan nake son in daɗe, domin a nan ne na gane abin da ban gane ba tun farko. Mai Java idan yana son laburaren wani, layi ɗaya yake rubutawa, Gradle ya je rumbun Maven Central ya ɗauko shi tare da duk abin da shi ma ya dogara da shi. Shekaru na yi ina ɗauka wannan baiwar Gradle ce. Ashe rabinta ta Java ce. Abin da kwamfailar Java ke fitarwa ba na wani furosesa ba ne, na injin Java ne, saboda haka ƙunshi ɗaya da aka gina a Jamus yana gudana a Jidda ko a kan Windows ko Linux ko Mac, kuma shi ya sa rumbu guda ya ishi duniya. Abin da kwamfailar C++ ke fitarwa kuwa ɗaure yake da tsarin kwamfutar, da nau'in furosesa, da kwamfailar da ta juya shi, da laburaren tushe da aka haɗa shi da shi, har da tutocin da aka yi amfani da su. Laburare ɗaya yana iya buƙatar gini iri-iri masu yawa, kuma idan ka ɗauki wanda bai dace ba, ko haɗawa ta ƙi, ko kuma, abin da ya fi muni, ta yarda manhajar ta riƙa mutuwa a hannun mai amfani. Don haka mutanen C++ suka bi wata hanya: yawancin laburarorinsu suna zuwa ne a matsayin rubutu tare da fayil ɗin CMake, kuma masu rarraba su irin vcpkg na Microsoft da Conan da CMake suka fi sabawa.

Gradle yana iya wallafa laburaren C++ a rumbu irin na Maven, da hedodinsa da bayanin kowane gini, kuma na gwada na ga yana aiki tsakanin ayyukanmu na cikin gida. Amma kasuwar da babu 'yan tireda ba ta ci. Abin da ka wallafa da kanka kaɗai za ka samu a can. Lokacin da na so GoogleTest, laburaren gwajin C++ na Google, domin gwaje-gwajen lissafin, sai na tarar da zaɓi biyu ne a gabana: ko in sake rubuta masa umarnin gini da Gradle in kuma riƙa gyarawa duk lokacin da sabuwar siga ta fito, ko in sa Gradle ya kira CMake ya gina shi sannan in nuna masa inda sakamakon yake. Na bi ta farko, domin GoogleTest yana da fayil guda da ya tattara sauran, amma na san da laburare mai rassa da yawa ne da ban iya ba. Shi kansa filogin gwajin, gina shirin gwaji yake yi ya gudanar da shi ya duba ko ya fita lafiya. Kyakkyawan rahoton nan da ake samu a gwajin Java, mai nuna kowane gwaji da sakamakonsa a shafi, ba ya zuwa tare da shi.

Sai batun allunan. Raspberry Pi furosesar ARM gare shi, mu kuwa a kan kwamfutocin ofis masu wani nau'in furosesa daban, x86, muke gini, wato ana buƙatar kwamfailar da ke zaune a inji ɗaya tana fitar da abin wani injin. A CMake wannan tsohuwar hanya ce da aka tattake, fayil ɗaya ake rubutawa mai bayyana kwamfailar da inda laburarorin allon suke, kuma misalansa sun cika intanet. A Gradle ma yana yiwuwa, sai dai da hannu za ka ƙirƙiri injin da kake nufi, ka ɗaura masa kwamfailarsa da mahaɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ƙara wahalar shi ne Gradle ya yi tsari biyu na wannan aiki a tarihinsa, tsoho da aka daina ba da shawarar amfani da shi da kuma sabo, kuma yawancin amsoshin da mutum zai ci karo da su na tsohon ne, ba tare da sun faɗa ba. Na san akwai waɗanda suka ci nasara a wannan hanya, domin masu gasar mutum-mutumi ta FIRST a Amurka suna gina C++ da Java na na'urorinsu masu ARM da GradleRIO, kuma tun 2019 shi ne hanyarsu ta hukuma. Amma su suna da mutane da suka keɓe kansu ga rubuta filogin da kula da shi. Mu huɗu ne, kuma kowa da abokan cinikin da ke jiransa.

Ƙaramin cikinmu shi ya fara kokawa a fili. Edita mai sauƙi yake amfani da ita tare da clangd, shirin da ke nuna wa mai C++ kuskure yana cikin rubutu, wanda ke buƙatar fayil ɗin compile_commands.json domin ya san tutocin kowane fayil da inda hedodi suke. CMake da saiti ɗaya yake fitar da shi. Gradle yana da filogin da ke fitar da fayilolin aiki na Visual Studio da Xcode, amma compile_commands.json ba ya cikin abin da yake bayarwa. Wata safiya ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, kowane layi da jan zane a ƙarƙashinsa alhali ginin lafiya yake wucewa, ya ce: "Yaya, ni fa yanzu ban san kuskuren gaske da na ƙarya ba." Na rubuta ɗan aikin da ke tattara tutocin ya fitar da fayil ɗin, kuma ya warware masa matsalar, sai dai wani kaya ne na ƙara ɗora wa kaina na kula da shi.

Abin da ya fi komai auna mini lamarin shi ne Android. Na shiga aikin da zaton cewa tunda Gradle ne ke gina manhajar waya, laburaren da Gradle ya gina zai shige ta kai tsaye. Ba haka ba ne. Filogin Android na Google ba ya amfani da cpp-library. Idan manhajar waya tana da C++, sashen externalNativeBuild ake cikawa, kuma abin da yake karɓa biyu ne, CMake ko ndk-build (mai karanta Android.mk), su ne ke juya rubutun domin kowane nau'in furosesar waya, Gradle kuma ya karɓi sakamakon ya ƙunshe. Wato a wurin da Gradle ya fi ko'ina haɗuwa da C++ a kullum, an zaɓi ya zama mai ba da umarni ne, wani daban ke ɗora bulo. Ni kuwa har lokacin Android.mk yana nan ina gyara shi. Hanyoyi uku na tarar, na mayar da su biyu, ban kai ga ɗayar da na yi alkawari ba.

A ƙarshen Sha'aban wani abu ya faru da ya nuna mini nauyin kayan. Wani otal a Makka ya nemi a ba su damar saita farkon Ramadan da hannu a allonsu, domin sanarwar ganin wata da Kotun Ƙoli ke fitarwa ba dole ba ne ta dace da abin da kalandar Ummul Ƙura ta rubuta, kuma sauyin isha'i zuwa minti 120 a kan wannan ya rataya. Gyaran layuka kaɗan ne. Muka tafi ni da Ustaz, muka zauna a wani ɗan ɗaki bayan teburin karɓar baƙi, zaure cike da masu umara da jakunkunansu. Kwamfutar da na ɗauko sabuwa ce da ban taɓa gini a kanta ba, wannan kuma sakacina ne. Umarnin farko sai ya fara sauko da Gradle ɗin kansa, fiye da megabait 100, ta layin wayata, a unguwar da dubban mutane ke kan layi a lokaci guda. Gradle yana da yanayin aiki ba intanet, amma sai ga wanda ya riga ya cika ma'ajiyarsa. Ustaz bai ce komai ba. Ya shiga allon ta taminal, ya kwafi fayilolin da aka gyara, ya buga make a kan allon kansa da tsohon Makefile ɗin da ya hana ni gogewa, kafin saukarwata ta kai rabi allon ya dawo da sabon saitin.

Ba na ɗora wa Gradle laifin wannan dare, amma ya sa na lura da abin da ke ɓoye a ofis. Gradle shirin Java ne, sai da injin Java yake tashi, kuma sigarsa ta 9 da ta fito a 2025 tana buƙatar Java 17 ko sama. Yana barin wani wakili a bayan fage domin gini na gaba ya yi sauri, wanda ke zaune a ƙwaƙwalwar inji har awa 3 idan ba a neme shi ba. A kwamfutar mai Java duk wannan yana nan dama, ba a jin nauyinsa. A kan ɗan allo mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ko a hannun mai C++ da ba ruwansa da Java, kaya ne babba da aka ɗauko domin juya 'yan fayiloli.

Bayan ƙaramar salla na yanke shawara, domin Hajji na matsowa kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na rubuta CMakeLists.txt guda ɗaya na laburaren. SQLite ya shiga ba gardama, domin CMake yana bambance C da C++ ta sunan fayil. GoogleTest ya shigo da 'yan layuka. Manhajar waya tana kiran wannan fayil ta externalNativeBuild, allunan suna kiran shi da fayil ɗin kwamfailar ARM, Windows ma shi take bi, clangd kuma ya samu abin da yake nema. Gradle ban kore shi ba, matsayi na canza masa. Har yanzu umarni ɗaya muke bugawa, shi ne ke kiran CMake da Ninja (shirin da ke aiwatar da ginin da CMake ya tsara), ya gudanar da gwaje-gwaje, ya jira su wuce, ya ɗauki laburaren ya saka a ƙunshin sabarmu ta Java da ke kiran sa ta JNI, gadar da ke tsakanin Java da C++, ya gina manhajar waya, ya sa wa komai lambar siga ɗaya. Jera ayyuka da sanin wanne ke jiran wanne shi ne abin da ya rage wa Gradle idan aka cire masa Java, kuma a wannan aiki gwani ne.

Akwai darasi ɗaya na wannan tsari da ya kamata in ambata. Da farko na yi ƙoƙarin bayyana wa Gradle duk fayilolin da matakin CMake ke karɓa da waɗanda yake fitarwa, domin ya riƙa tsallake shi idan babu abin da ya canza. Na manta da babban fayil guda na hedodi, sai ya tsallake gini a ranar da bai kamata ba, gwaji ya gudana a kan tsohon laburare. Daga nan na bar shi yana kiran CMake kowane lokaci, Ninja ya yanke hukuncin abin da za a sake juyawa, tunda idan babu canji nan take yake dawowa. Magini biyu kada su yi tarayya a kan hukunci ɗaya. Na kuma yi asarar wasu abubuwa: rumbun ajiyar Gradle ba ya ganin cikin aikin C++ yanzu, sai ccache, wani shirin da ke adana abin da kwamfaila ta riga ta juya, muka sa a madadinsa, harshen CMake kuma har yau ba na jin daɗin rubuta shi, sannan duk sabon ma'aikaci harsunan gini biyu zai koya.

Wanda zan ba shawarar ya gina C++ da filogin Gradle kai tsaye shi ne mai aikin da yawancinsa Java ne ko Kotlin, yana da ɗan guntun C++ nasa na kansa da bai aro komai daga waje ba, kuma kwamfutocin tebur ko saba kaɗai yake nufi. A wannan hali sauƙin daren farkon nan na gaske ne kuma zai ɗore. Wanda kuwa zai aro laburarori, ko zai gauraya da C, ko zai gina wa ARM ko Android, ya fara da CMake tun ranar farko, ya ɗora Gradle a sama idan yana bukata. Na duba wani maginin, Bazel, wanda Google ta saki a 2015 kuma an tsara shi tun asali domin harsuna da yawa, amma a ganina ya fi ƙarfin ofishi mai mutum huɗu.

A watan Zulƙida muka sabunta allunan Makka da Madina da abin da sabon tsarin ya gina, muka kwatanta lokutansu da na waya na kwana 30 masu zuwa, ba mu samu saɓanin minti ɗaya ba. Ranar Alhamis ɗin makon, Ustaz da kansa ya goge Makefile da Android.mk daga rumbun aikin. Abin da ya rage shi ne kwamfutar Windows, wadda har yanzu daban muke ginawa a kanta ko da yake CMakeLists.txt ɗin guda ne, da kuma sqlite3.c da ke zaune a cikin aikinmu muna sabunta shi da hannu, wanda nake son in gwada mayar da shi hannun vcpkg idan alhazai sun koma gida.